Yadda Na Yi Gadin Kartam a Bakin Gulbi

Ƙanena mai karatun inganta irin shuka ya shuka kartam layi-layi a fadamarmu ta bakin Gulbin Maraɗi a farkon ɗari, sannan tafiya ta kama shi zuwa Yamai, ya damƙa mini littafi da igiyar awo. Kartam tsiro ne da ake matse mai daga ƙwayarsa, a yi rini da furensa, kuma an daɗe ana nomansa a Indiya da Habasha. Kowane layi irinsa daban, da lambarsa a jikin ɗan kwali, aikina kuwa shi ne in auna tsayi, in ƙirga rassa, in rubuta launin fure da batun ƙaya.

Na raina aikin, domin a makonnin farko duk ganyen kwance yake a ƙasa kamar salati, babu mai bambance wannan da wancan. Da suka miƙe sai kowa ya nuna halinsa: wani bai wuce gwiwa ba, wani ya kusa ƙirjina, furen kuma ga ruwan ɗorawa, ga ruwan goro, ga ja, har da fari. Na shafa layin farko na ji shi sumul, saboda haka na bi sauran shafuka na rubuta "babu ƙaya", don in rage wa kaina wahalar gobe. Daga nan na rungumi layi na biyu da hannu biyu zan ƙirga rassa, ihun da na kurma ya sa masu ban ruwa suka sheƙo da sanduna suna tambayar inda macijin ya shiga.

Ina gida ana cire mini ƙaya, akuyar maƙwabcinmu ta shiga fadamar ta yi nata binciken, wanda a ganina ya fi nawa tsari, domin ta cinye marasa ƙaya tas, ta bar masu ƙayar ko sunsunawa ba ta yi ba.

Da na buga wa ƙanena waya jikina a sanyaye, sai ya bayyana mini cewa wannan ne ainihin ciwon kan masu inganta iri: marar ƙaya ya fi daɗin girbi da hannu, mai ƙaya kuma ya fi tsira daga dabbobi da tsuntsaye. Sannan ya ce, "Yaya, ka dai rubuta lambobin layukan da ta ci ko?"

Na ce masa ai da kwalayen lambobin ta fara.