A sa dajin Sunut cikin lissafin gyaran Khartum

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 mutane ke ta komawa gida, kuma duk wanda ka saurara kukansa ɗaya ne: wuta, ruwan famfo, gadoji, asibiti. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wata asara da ba a cika ambata ba, wato dajin Sunut, kurmin bagaruwar nan da ke gaɓar Farin Nilu, dab da Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa. Tun shekarun 1930, zamanin Turawa, aka keɓe shi, ya zama masaukin tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya katse gas ɗin girki, gawayi ya yi tsada, gatari ya shiga dajin. Yau kututture ya fi itace yawa a wurin.

Ba na ganin laifin uwar da ta saro reshe don ta dafa wa 'ya'yanta asida. Damuwata ita ce abin da zai biyo baya. Filin yana tsakiyar birni, a bakin ruwa, kuma tun kafin yaƙi dogayen gine-ginen Mugran suke matsowa kusa da shi. Da itatuwa a kai ma an sha yi masa ƙwalama, balle yanzu da ya zama fili fetal.

Wani zai ce ana fama da yunwa, wa yake ta shan iska? To, ya leƙa gidajenmu da dare. Akwai dattijon da barci ya ƙaurace masa tun da aka kashe ɗansa, akwai yaron da ƙarar rufe ƙofa ke sa shi shigewa ƙarƙashin gado, akwai matar da ta dawo daga gudun hijira ta tarar ko cokali ba a bar mata ba. Ko a lokacin zaman lafiya likitocin ƙwaƙwalwa ba su wadaci Sudan ba, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Tijani al-Mahi da ke Umdurman ba zai ɗauke wannan kaya shi kaɗai ba. Inuwar bagaruwa ba za ta maye gurbin likita ba, amma tana rage wa zuciya nauyi, kuma an gwada an gani. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya nuna cewa marasa lafiyar da aka yi wa tiyata a wani asibiti a Amurka, waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa, sun riga masu kallon bango komawa gida, sun kuma sha maganin zafi kaɗan. A 2019 wani bincike a Ingila kan mutum kusan 20,000 ya gano cewa masu yin aƙalla minti 120 a mako cikin daji ko lambu sun fi sauran bayyana ƙoshin lafiya da natsuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Sunut ba ya neman kuɗin ka. Kafin yaƙi, ranar Juma'a da la'asar Bahaushe ɗan unguwar Mayo kan shimfiɗa tabarma, kusa da shi ɗan ƙabilar Shaigiyya da iyalinsa, gaba kaɗan ɗalibai 'yan Darfur. Mai shayi ta jera ƙananan kujerunta, jabana, wato gahawa, na tafasa da citta a kan garwashi, ta ɗago ta ce, "Baba, a ƙara sukari?" Kafin a shanye kofi biyu an san sunan juna. Birnin da yaƙi ya koya wa mutanensa zargin maƙwabci yana bukatar irin wannan zama, kuma otal ko kanti ba zai ba talaka shi ba.

Dawo da dajin kuwa bai kai gina gada wahala ba. Bagaruwa tana jure ambaliya, kogin ne ke shayar da ita duk damina, kuma mutanenmu na garin Mai-Wurno, kusa da Sennar, sun san yadda ake rainon ta a kurmin gaɓar Shuɗin Nilu. Hukumar gandun daji ta fito fili ta ce ko taku ɗaya na filin ba na sayarwa ba ne, a sa masu gadi, a sauƙaƙa kuɗin gas don kada a cinye dashen tun yana ƙarami. Kafin duk wannan, sai ƙwararru sun share wurin daga nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba, don yara ne za su fara rugawa ciki.