Ina Babban Mugu yake samo matsafansa? Ku ajiye taswirar nan tukuna

Gargaɗi kafin komai: wanda bai gama The Wheel of Time ba, littafin ko fim ɗin, kuma ba ya so a ɓata masa daɗin labari, ya wuce abinsa, don zan tona har abin da ke littafin ƙarshe. Wanda kuma zai zo ya tuna mana cewa sihiri haramun ne, mun sani Malam, Allah ya saka da alheri. Tatsuniya muke tattaunawa, sai dai wannan Gizon na Bature ne kuma ya cika littafi 14.

Tun da Amazon suka dakatar da fim ɗin a 2025 bayan zango na uku, 'yan kallonmu na nan Agege da ba su karanta littattafan ba suka koma hasashe. Tambayar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce: Babban Mugu, wato Dark One, shaiɗanin labarin, yana kulle, manyan barorinsa 13 ne kacal, ga shi yaƙin ƙarshe na buƙatar ɗaruruwan masu tsafi. A ina zai samo su? Ni ra'ayina, yawancin masu hasashen suna neman amsar a inda ba ta. Kowa ya duƙufa kan taswira yana neman wata ƙasa mai nisa, alhali marubucin ya ajiye amsar a ƙofar gidan mutanen kirkin labarin.

Ba mu ne farkon masu wannan gardama ba. Robert Jordan ya fitar da littafi na farko a 1990, ya rasu a 2007 bai ƙarasa ba, Brandon Sanderson ya rubuta ukun ƙarshe daga bayanan da ya bari, na ƙarshen ya fito a 2013. Shekara 23 ke nan masu karatu a duniya suna ta ƙulla zare suna kwancewa. Abin dariya, hasashen da suka yi a wancan lokacin su ne dai ake maimaitawa yanzu a kan bencin mai shayi.

Mafi farin jini shi ne na ɓoyayyiyar ƙasa. Akwai wani ɗan'uwa mai tura fina-finai a waya kusa da tasha, shi ne limamin wannan mazhaba. Na gan shi ya yage murfin kwalin Indomie, ya zana taswira da biro, ya ja layi can gefen gabas ya ce, "Yayana, duba nan. Duk inda marubuci ya bar fili bai ce komai ba, nan ya ɓoye runduna." Kuma a ba shi haƙƙinsa, ya canka. Akwai ƙasar Shara a gabas, bayan hamadar da ƙabilar mayaƙan Aiel ke zaune, wadda ba a barin baƙo ya wuce garuruwan cinikinta masu ganuwa, siliki da hauren giwa kawai ake gani suna fitowa. A littafin ƙarshe sai ga Demandred, ɗaya daga cikin manyan barorin nan 13, wanda masu karatu suka shekara da shekaru suna neman inda ya ɓuya, ya ɓullo da rundunar Shara da matsafanta masu zane a fuska. Kafin nan an ce shi ne ya sauya kama ya zama Mazrim Taim, wani ƙasurgumin matsafi a labarin, har Jordan da bakinsa ya ce ba shi ba ne. An ce shi ne sarkin ƙasar Murandy. Ashe yana Shara.

To, hasashen ya tabbata, amma ni a wurina nan ne labarin ya fi rauni. Littafi 13 ba mu zauna da mutumin Shara ko ɗaya mun ji damuwarsa ba, ba mu san uwarsa ba, ba mu san abin da yake ci ba, sai kawai a buɗe ƙofa a turo mana dubban baƙi a ce ga abokan gaba. Wanda ya zauna a Legas a matsayin Bahaushe ya san ɗanɗanon wannan bayani. Duk abin da ya lalace a unguwa, kafin a bincika an riga an ce waɗanda aka sauke daga tirela jiya da dare ne. Bayani ne mai sauƙin haɗiya saboda yana wanke kowa da ke gida. Shi ya sa nake mamakin mu, da muka fi kowa sanin zafinsa, mu ne muka fi son sa idan aka zo tatsuniya.

Hasashe na biyu shi ne na jini. Masu wannan ra'ayi sun ɗauko shi ne kai tsaye daga abin da muka taso muna ji a kan maita, wai a nono ake sha, wanda bai gada ba kuma sai dai ya sayi ƙanƙara. Ba zan daɗe a nan ba. A labarin, baiwar tsafin ana iya haihuwar mutum da ita, gaskiya ne, amma mugunta ba a gadonta. Babu wani gida da aka ce duk 'ya'yansa na Babban Mugu ne. Kuma mun san gidaje nawa wannan magana ta hana 'ya'yansu aure a garuruwanmu, ba sai mun kai ta cikin littafin da babu ita ba.

Yanzu ga inda nake so a tsaya. Ku dubi maza masu baiwa a wannan duniyar. Sama da shekara 3,000 ɓangaren ƙarfin tsafin da maza ke ɗiba a gurɓace yake, duk namijin da ya taɓa shi ƙarshensa hauka. Me mutanen kirki suka tanadar masa? Jar ƙungiya ta Farar Hasumiya, cibiyar mata matsafa da ake kira Aes Sedai, matan da aikinsu ke nan su farauto shi su yanke shi daga baiwar. Wanda aka yanke kuwa duniya fita take daga ransa, 'yan shekaru kaɗan ya mutu. Wato yaro ɗan shekara ashirin da ya wayi gari ya ga wuta ta kama a hannunsa ba da niyyarsa ba, zaɓinsa biyu ne: hauka ko kisan mummuƙe. Ba makaranta, ba malami, ba wanda zai ce masa zo ka zauna. Iyayensa ma tsoronsa suke ji.

Mutanen Aiel nasu ya fi kyan gani amma ya fi muni. Namijin da ya ga alamar baiwar a jikinsa sai ya yi sallama da dangi, ya ɗauki masunsa, ya nufi ruɓaɓɓiyar ƙasar da Babban Mugu yake, wai ya tafi kashe shi. A yi masa kirari, a ce ya mutu da mutunci. Babu wanda ya taɓa bin sawu ya ga abin da ke faruwa da su. Sai a farkon littafin ƙarshe muka ga wani gari a can ciki, cike da waɗannan mazan, da jan amawali da fiƙaƙƙun haƙora, an juya su sun zama sojojin wanda suka je kashewa. Ƙarni bayan ƙarni al'umma tana tattara 'ya'yanta mafiya ƙarfi tana aika wa abokin gaba har gida, kyauta, ba ko kuɗin mota. Wannan shi ne amsar tambayar, kuma tun littattafan farko aka faɗi al'adar a fili, ido ne bai kai ba.

Baƙar Hasumiya, makarantar maza matsafa, ma haka. Rand, jarumin labarin, ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya yi shelar afuwa ga duk namiji mai baiwa, ya buɗe musu gona kusa da birnin Caemlyn su koyi aiki. Madalla. Sai ya damƙa wurin a hannun Taim, mutumin da shi kansa bai yarda da shi ba, ya juya baya ya tafi harkokinsa, da ƙyar yake leƙowa. Taim ya shiga ƙauye-ƙauye yana kwaso samari, ya ware na hannun damansa yana ba su darasi na musamman, yana raba muƙami. Saurayin da duk rayuwarsa ake gudunsa, yau ga wanda ya ba shi baƙar riga da lambar girma a wuya ya kira shi soja. Wa kuke tsammani zai bi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon Rand ne ya gina shi ya bar shi ba yaɓe.

Wani zai ce, to ai matan da aka kora daga Farar Hasumiya ma watsattsu ne, me ya sa ba su koma wurin mugu ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ta ƙara min ƙarfin gwiwa. A littafi na 7 aka gano ƙungiyar da suke kiran kansu Dangi a birnin Ebou Dar: matan da suka faɗi jarrabawa, da waɗanda aka ce ƙarfinsu bai kai ba, da waɗanda suka gudu. Su 1,783, sun fi Aes Sedai ɗin kansu yawa nesa ba kusa ba. In da korar kaɗai ke mai da mutum mugu, da nan ne Babban Mugu zai kafa rumfa. Amma ba daga cikinsu rundunarsa ta fito ba. Hasali ma wadda ta riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya a Caemlyn cikakkiyar Aes Sedai ce mai zoben Hasumiya. Bambancin shi ne, yarinyar da aka koro tana kuka akwai wadda ke jiran ta a hanya. Za a ba ta ɗaki, a koya mata sana'a, magani ko fatauci, a gaya mata dokokin gida, a nuna mata babbar da za ta yi wa biyayya, don su girma a wurinsu na shekaru ne ba na ƙarfi ba.

Mu a Legas muna da sunan wannan: mai masauki. Da shi kakanninmu suka kafa cinikin goro a Agege da na shanu, da shi har yau ake sauke albasa da tumatir a Mile 12. Yaro biyu za su sauka daga mota ɗaya da asuba. Ɗaya yana da lambar wani kawu a aljihu, kafin azahar an ba shi tabarma a bayan shago, an haɗa shi da wanda zai koya masa dako ko faskare, an gaya masa layin da ba a bi da dare. Ɗayan ba shi da kowa. Da can ya kan samu babur ya yi acaba, to daga 1 ga Yunin 2022 an hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara wasu. Ba ina cewa duk wanda ba shi da mai masauki zai lalace ba, da yawa sun yi haƙuri sun tsira da mutuncinsu. Ina cewa ne wanda ke neman yaran da zai sa mugun aiki ya san wanne daga cikin biyun zai tara da sayen shayi da burodi.

Akwai inda ra'ayina bai rufe ba, kuma ba zan ɓoye shi ba: Baƙar Ajah, ƙungiyar asiri ta Aes Sedai masu yi wa Babban Mugu aiki. Waɗannan ba korarru ba ne, ba mayunwata ba. Mata ne da ke zaune a cikin Farar Hasumiya, sarakuna na rusuna musu. Shekaru aru-aru Hasumiyar na musun cewa akwai su, ambaton sunan ma laifi ne. Da Verin, wata Aes Sedai, ta kawo kundinta a littafi na 12 da ya fito a 2009, bayan ta shekara 70 a cikinsu tana rubuta sunaye, ta sha guba don ta samu kafar warware rantsuwarta a sa'ar mutuwa, sai ga suna sama da 200 a gidan da bai wuce mutum dubu ba. Har da Sheriam, wadda aka damƙa wa tarbiyyar sababbin ɗalibai. Ita ba wanda ya zalunce ta. Hanyar hawa sama ta gani ta bi, tana lissafin cewa ranar biyan bashi ba za ta zo a zamaninta ba. Irin waɗannan kwaɗayi ne ya kai su, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna yaɗuwa ne saboda gidan ya fi damuwa da sunansa a kan ya bincika kansa. Da ɗan gari akan ci gari. Ko a nan ɗin dai, ba daga bayan teku aka kawo su ba.

Abin da ban taɓa so ba a labarin shi ne juyawar dole, inda matsafa 13 da dodannin Myrddraal 13 za su taru a kan mutum su mai da shi mugu ko yana so ko ba ya so. Na fahimci amfaninta, tana da ban tsoro, musamman yadda abokinka zai shiga ɗaki ya fito da fuskarsa da muryarsa amma idon ba nasa ba. Sai dai tana sauƙaƙa wa marubuci aiki. Da an bar Taim ya ja mutanen nan da baki da alheri kawai, da ya fi ciwo, kuma da laifin sakacin Rand ya fito sosai. Da aka kawo tsafin dole sai aka samu wurin cewa ai ba yadda za a yi. Alhali da jarumin ya riƙa kwana biyu a gonar nan duk wata, yana cin abinci da su yana sanin sunayensu, da Taim bai samu ɗakin ƙasa da zai yi wannan aiki a ɓoye ba. Logain da Androl, mazan Baƙar Hasumiya da suka ƙi bin Taim, da 'yan tsirarun da suka tsaya, su kaɗai aka bari suka ƙwaci wurin, shi kuwa saƙo kawai ya aiko musu daga nesa.