An Yi wa Fiyanona Magani Yana Lafiya Lau

Duk fiyanon da ka gani a situdiyon Zoo Road, daga "do" na ƙasa zuwa "do" na sama gida 12 aka raba shi, daidai wa daida, kowane gida santi 100, santi kuwa shi ne ma'aunin tazarar sauti. Larabawa kuwa sun daɗe suna cusa sautuka a tsakanin gidajen, har taro suka yi a Alƙahira a 1932 ana ta gardama kan raba shi 24. Ni kuma da ƙaiƙayin hannu, na sauke "mi" da "si" na fiyanona na lantarki da santi 50 don in samu Rast, wani tsarin sautin kiɗan Larabawa, daga nan daɗi ya ɗebe ni na bi sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya, wannan a rage masa 14, wancan a ƙara masa 30. Man janareta kuwa ba a magana.

Hajiya ce ta fara leƙowa. "Kai Auta, wannan abin naka mura yake yi?"

Na ce a'a Hajiya, bincike nake yi. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Abin da ya fi ba ni haushi, Hajiyar nan in mai goge ya zo biki ita ce kan gaba wajen liƙi, alhali goge ba shi da gida ko ɗaya, yatsa ne ke yawo a kan izga duk inda ya ga dama. Mai kalangu ma matse tsarkiya yake yi a hammata sauti ya zame sama. A wurinsu gwaninta ce, a wurina mura.

Ranar da na tafi ɗaurin aure Wudil, Yaya ya ga dama ta samu ya taimaki ƙaninsa. Ya naɗe fiyano a zanin gado kamar mai zazzaɓi, ya tare adaidaita sai Kasuwar Sabon Gari. Mai gyara ya danna, ya saurara, ya girgiza kai, ya ce wai aisi, ɗan ƙaramin ƙwaƙwalwar cikin na'urar, shi ne ya ƙone, sa'a aka zo da wuri. Na san abin da ya yi: maɓallin riset ya danna, komai ya koma yadda kamfani ya saita. Dubu 8.

Na dawo na tarar da Yaya a zaure yana murmushi. "Danna ka ji." Na danna. Tsaf, gida 12, duk wahalata ta bi ruwa. Ya ce kada in damu da godiya, kuɗin gyara da na adaidaita kawai zan mayar masa, kuma in daina barin kaya a rana.

Na biya, wa zai yi musu da babban wa? Da dare na ja ƙofa na sake saukar da "mi" da "si", na rage murya ƙasa-ƙasa. Washegari da sassafe na jiyo Hajiya a tsakar gida tana cewa Yaya, "Ciwon nan ya dawo. Mai gyaran nan macuci ne, ɗauki zanin gadon ka mayar masa tun bai buɗe shago ba."