Wa zai tsaya wa firamare?

Jiya da safe na raka 'yar ƙanwata firamaren unguwarmu, sai na ɗan tsaya a bakin tagar ajinsu. Yara zaune a ƙasa, wasu kan buhu, allo ya koɗe har rubutu ba ya fita, kwanon rufi kuwa tun damunar bara iska ta yaye gefe guda. Malamarsu ta ce mini, "Yaya, allin nan ma da kuɗina na saya." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Duk sa'ad da ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta tafi yajin aiki, mu ne kan gaba wajen tsine wa malamai, ni ma na sha yi. A 2022 wata takwas cur jami'o'i na rufe, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, har ɗalibai suka tare hanyar filin jirgin sama na Legas. An sha wuya, babu musu. Amma ku zaga BUK ko ABU ku ƙirga gine-ginen da aka rubuta wa TETFund a goshi, wato asusun tallafa wa manyan makarantu. Tushen asusun nan yajin aikin 1992 ne, wanda ya sa aka kafa harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. Da malaman sun kama bakinsu, da babu shi. Da farko har firamare na da kaso a ciki, sai a 2011 aka mayar da shi na manyan makarantu zalla.

To ita firamare wa ke mata wannan faɗan? Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware mata kuɗi daga asusun tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin UBEC, hukumar da ke kula da kuɗin, ta saki. Jihohi da dama na jan ƙafa, kuɗin na kwance a Abuja, 'ya'yanmu na zaune a ƙasa.

Yaro ɗan aji uku ba shi da ƙungiya, kuma ban yarda a fito da shi kan titi ba kamar yadda aka gani a Kaduna a 2017 lokacin korar malamai. Malamin firamare shi ma in ya ɗaga murya shi kaɗai, tsoronsa a wurga shi wani ƙauye mai nisa. Saura mu iyaye, da ƙungiyar malamai ta NUT, da ku ɗaliban jami'a da kuka iya rubuta takardar koke, kuka san ƙofar majalisa. Cikin waɗannan azuzuwa kuka fito, ƙannenku ne a ciki.

Ranar Asabar bayan la'asar kwamitin makarantarmu zai zauna. Na ɗauki hoton rufin, kuma wasu ɗalibai biyu sun yi alkawarin rubuta wasiƙar da za mu kai wa ɗan majalisarmu na jiha, mu tambaye shi ko an biya kason bana.