Zama a Accra bai canza mini harshe ba

Jiya bayan sallar isha'i na fi awa guda a kan benci a ƙofar gidan kawuna a Nima ina kokawa da wayarsa, har caji ya yi ja, kuma kuɗin da muke son aika wa Inna a Galmi ta Nijar bai tafi ba. Kuɗin na nan a cikin asusu, sabis bai ɗauke ba. Abin da ya tsayar da mu shi ne wani shafin aika kuɗi da ya yanke hukunci shi kaɗai cewa duk wanda ya buɗe shi daga Ghana, Ingilishi yake ji. Wallahi na gaji da wannan raini, kuma yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Ni haifaffen Maraɗi ne. Boko da Faransanci na yi shi, allo da Larabci, rayuwa kuwa gaba ɗayanta da Hausa. Shekara bakwai ke nan ina riƙe wa kawu lissafin albasa a Accra, tun muna Agbogbloshie har aka mayar da mu Adjen Kotoku a 2021. Ingilishin da na tsinta na kasuwa ne: in yi ciniki, in gaya wa yaron mota inda zan sauka, in gaisa da ɗan sanda. Wannan bai isa in karanta sharuɗɗan kamfanin da zan damƙa wa cinikin mota guda ta albasa ba. Kawu kuwa ko wannan bai da shi. Yana karanta Hausa da boko da ajami, yana lissafin buhu ɗari uku a ka ba ya kuskure, amma da ya ga shafi cike da Ingilishi sai ya miƙo mini waya kamar ta ƙone shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu irin waɗannan shafuka sun san harshen da nake so. Sun sani sarai! Wani yaron unguwarmu mai karatun kwamfuta ya nuna mini da idona. Duk lokacin da ka buɗe shafi, burauzar wayarka tana aika masa ɗan saƙo ɗauke da jerin harsunan da ka zaɓa, wanda ka fi so shi ne a gaba. Sunan abin Accept-Language, kuma yana cikin ƙa'idojin yanar gizo tun shekarun 1990. Hausa tana da alamarta a ciki, ha. Faransanci fr. Har ma akwai ha-GH, Hausar Ghana ke nan, kamar yadda ake da ha-NG ta Najeriya da ha-NE ta Nijar. A wayata na jera Hausa, sai Faransanci, Ingilishi can ƙarshe. Wayar tana gaya musu haka a kowane buɗi, safe da yamma. Su kuwa sai su toshe kunne, su leƙa lambar IP, adireshin nan da kamfanin layi yake ba duk mai hawa intanet, su ga ta Ghana ce, shi ke nan an gama da kai. Kamar ka shiga shago ka yi sallama, ka faɗi abin da kake so da bakinka, mai shago ya ƙi kallon fuskarka, ya tsaya duba ƙurar takalminka don ya san yaren da zai yi maka.

Kuma kada wani ya ce mini ai ba su da fassarar ne. Shafin nan da ya wahalar da mu jiya yana da Faransanci cikakke, na yi amfani da shi sau da yawa lokacin da nake gida. Amma daga nan, da ka rubuta adireshinsa sai ya ja ka da ƙarfi zuwa reshen Ghana, inda babu ko maɓallin canza harshe. Sai ka gangara can ƙasan shafin, ka tarar da 'yan tutoci ƙanana kamar ƙwayar gero. Ka taɓa tutar Faransa don ka sami Faransanci, sai kuɗi su koma yuro, a ce lambar wayarka dole ta fara da +33, alhali taka +233 ce. Ka taɓa tutar Nijar, harshen ya gyaru, amma sidi, kuɗin Ghana, ya ɓace, sefa ya fito, asusun momo ɗinka na Ghana, wato na kuɗin cikin waya, kuma babu shi a jerin hanyoyin biya. Gaba kura, baya sayaki. Ko dai ka fahimci abin da ake gaya maka amma ka kasa biya, ko ka iya biya amma ba ka san abin da kake sa wa hannu ba. Wane mai hankali ne ya ɗaure harshe da ƙasa da kuɗi a igiya ɗaya? Kuma tun yaushe tuta ta zama harshe? Hausa wace tuta za ku ba ta, ta Najeriya, ta Nijar, ta Ghana, ta Kamaru, ko ta Sudan?

Bari in faɗi abin da wannan ya jawo mana watan jiya, don kada a ɗauka ƙorafin jin daɗi nake yi. Ina kasuwa, kawu yana gida, ya ce bari ya gwada aikawa da kansa, tunda na taɓa nuna masa inda ake taɓawa. Ya sa lamba, ya sa kuɗi. Sai wani rubutu ja ya fito, layi biyu. Bai san me yake cewa ba, ya ga koren maɓalli a ƙasa ya danna. Ashe gargaɗi ne cewa sunan mai karɓa dole ya dace harafi da harafi da na katin shaidarta. Shi ya rubuta sunan Inna yadda muke rubuta shi da Hausa, katinta kuwa da rubutun Faransanci yake, inda u take zama ou. Sau biyu tsohuwar nan ta hau kabu-kabu ta je wurin karɓa aka dawo da ita hannu rabbana. Kwana huɗu kuɗin yana rataye, ga maganin hawan jini ya ƙare mata. Da na dawo da yamma na tarar da kawu zaune shiru, waya a kan cinya. Ya ce, "Ɗana, yau shekara talatin ina aika saƙo gida ta hannun direbobi, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Yanzu an ce ga ci gaba, ga shi na zama makaho da idona biyu." Ban sami abin ce masa ba. Layi biyu kacal! Da da Hausa suke, da shi da kansa ya gyara. Da da Faransanci ne, da ya karanto mini ta waya na gane.

Masu zana waɗannan shafuka suna ganin Ghana baki ɗaya harshe ɗaya ce don Ingilishi ne harshen hukuma. Su zo Nima da Maamobi da Fadama da Madina da rana tsaka su saurara. Su je Aboabo da Sawaba a Kumasi. Hausa ce take haɗa Bagwanje da Bazabarme da Bamoshe da Bakotokoli a zango, da ita ake wa'azi, da ita ake ɗaurin aure, da ita ake rigima a sasanta. Kuma ba jiya ta zo ba. Fataken goro sun yi ta safara tsakanin Kano da Salaga tun kafin Turawa su ja layin iyaka. Sabon Zango na nan Accra, wanda Malam Bako ya kafa, ya haura shekara ɗari. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, a ƙasar nan ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da ajami har ya rasu a 1934. Ni baƙo ne, na yarda, amma maƙwabcina da aka haifi kakansa a Tudu fa? Shi ma in ya zaɓi Hausa a wayarsa haka ake watsi da zaɓinsa.

Hausa kuma ba ƙaramin harshe ba ne da za a ce ba a san da zamansa ba. BBC ta fara shirin Hausa a watan Maris na 1957, mako guda bayan Ghana ta sami 'yancin kai. Google Translate ya sa Hausa tun 2013. Aikin da wasu suka yi shekaru da dama, wasu sun kasa ko barin ƙofa a buɗe.

Na gwada duk dabarun da ake ba da shawara. Na kunna fassarar na'ura a burauza, sai maɓallin da ya kamata ya ce "Aika" ya fito da "Miƙa wuya". A labarin ƙwallo wannan ba komai ba ne, amma a kan kuɗin mutane ba zan yi caca da fassarar da ba ta san bambancin nan ba. An ce in sa VPN don a ɗauka ina wata ƙasa. Na sa, Faransanci ya fito, sai kamfanin ya ga asusun Accra ya bayyana a Faransa cikin dare, ya kulle shi don zargin sata, na kwana biyu ina kiran lambar da ita ma da Ingilishi take amsawa. Na mayar da layina na Nijar, shi ma ya yi aiki, amma kuɗin data na yawo a ƙasar waje ya cinye abin da zan ci abincin kwana uku cikin 'yan mintuna. Inda ma aka dace shafi ya yarda ka zaɓi harshe, a cikin kukis, 'yan bayanan da shafi yake bari a burauzarka, yake ajiye zaɓin. Ranar da waya ta cika aka share tarkace, ko ka buɗe daga wata wayar, sai ka koma gidan jiya. Ana wata ga wata: wani fom ɗin ma ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, sai ya ce sunanka yana da alamar da ba ta halatta ba. Sunan da ubana ya raɗa mini!

Ba cewa na yi kowane shafi a duniya ya wayi gari da Hausa ba. Na san fassara aiki ce, kuma tana cin kuɗi. Abin da nake nema bai kai haka ba. Ku saurari abin da wayata take gaya muku. In kuna da harshen da na zaɓa, ku ba ni shi ko ina Accra ko ina Agadas. Ku raba zaɓin harshe da zaɓin ƙasa da na kuɗi. Ku sa maɓallin a sama inda ido zai gani, ku rubuta sunan kowane harshe da harshen kansa, don wanda ba ya jin Ingilishi ba zai iya neman hanyar fita da Ingilishi ba. In na zaɓa, ku ajiye a asusuna, kada ku sake tambayata. Kuɗin aikawa kuna cirewa cif-cif, ba ku taɓa mantawa ba, to me ya sa harshena ne kaɗai kuke mantawa?

Da safen nan kawu ya ƙirga sefa ya sa a ambulan, ya rubuta sunan Inna a bayanta da ajami. Akwai direban da zai tashi Nijar jibi bayan an sauke kaya. Ya ce in kai masa tasha.