Wanda ya zo da tambaya ba ciniki ya zo yi ba

Abin da ya faru a zaurenmu na intanet na masu koyon rubuta manhaja a daren jiya bai dace ba, kuma raina ya ɓaci matuƙa. Duk wanda yake cikin zauren ya gani. Wata ɗaliba ta turo hoton fuskar kwamfutarta, Python, wato harshen rubuta manhajar da take koyo, ya ƙi yi mata aiki, kuskuren kuwa bai wuce na tazarar da ake bari a farkon layi ba, abin da kowane ɗan koyo da ya ɗan kwana biyu a harkar zai warware mata nan take. Amsar farko da ta samu tallan kwas ce, da farashi da lambar asusun banki da gargaɗin cewa guraben sun kusa cika. Na biyu cewa ya yi ta same shi ta saƙon sirri. Kafin wani mai niyyar taimako ya iso, hotunan talla sun binne tambayar, ita kuma ba ta sake cewa uffan ba.

Wanda ya zo da tambaya ba ciniki ya zo yi ba. Ya cire kunya ne ya bayyana rashin saninsa a gaban ɗaruruwan mutane, wataƙila da ragowar datar da ya saya da kuɗin motarsa, domin an ce masa nan wurin taimakon juna ne. Idan ka amsa masa da talla, ka mayar da buƙatarsa hanyar shiga aljihunsa, kuma ka koya wa duk masu kallo cewa tambaya a nan ba ta da amfani.

Na san za a ce neman halal ne, kuma Kano garin kasuwanci ce. Babu wanda ya hana kowa neman halal, amma ko a kasuwar waya ta Farm Centre, idan baƙo ya tambayi inda masu gyara suke, ɗan kasuwar kirki nuna masa yake yi, ba ya riƙe masa riga sai ya sayi caja. Za a kuma ce ai kwas ɗin yana da amfani. To, in haka ne, ka amsa tambayar a bainar jama'a, kowa ya ga iyawarka. Mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya jin tsoron bayar da amsar layi ɗaya kyauta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu ɓoye fuska, waɗanda za su ce sun ci karo da wata makaranta mai kyau, alhali makarantar tasu ce ko kuma ana ba su kamasho kan kowane mutum da suka kawo. Wannan yaudara ce. Dandalin Stack Overflow na tambaya da amsa tsakanin masu rubuta manhaja, wanda aka buɗe a 2008, ya wajabta wa duk mai ambaton hajarsa a cikin amsa ya faɗi alaƙarsa da ita, kuma a can amsar da ba ta ƙunshi komai ba sai talla goge ta ake yi. Shi kansa Python, tun da Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991, kyauta ake saukewa, littafin bayaninsa ma kyauta yake. Wanda ya ci gajiyar wannan sadaka bai kamata ya tare ƙofa yana karɓar kuɗi kafin ya nuna wa ƙanwarsa layin da ta yi kuskure ba.

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani a 2023, sababbin masu koyo suka cika zaurukanmu, kuma da yawansu ba su iya bambance malami da dillali ba. Alhakinsu yana wuyan masu kula da zaure. A ware rana ɗaya a mako don talla, a nemi izini kafin a tura, wanda ya saɓa a cire shi ko da abokin wane ne.

Ina kuma son a duba batun masu kwashe lambobin waya daga zaure suna bin mutane da saƙo cikin dare, musamman mata. Nijeriya tana da dokar kare bayanan sirri tun 2023, kuma lambar wayar mutum tana cikin abin da dokar ta kare. Mata da yawa a zauren nan sun daina magana saboda wannan ɗabi'a.