Dakta ya ce a bar panda ta mutu

Na yi niyyar yin shiru, wallahi na yi. Tun daren jiya nake ɗaukar waya ina ajiyewa. Amma da na dawo daga masallaci da asuba na tarar mutum goma sha ɗaya sun jera wa Dakta "gaskiya ne ranka ya daɗe", sai na ga shirun ya isa haka. 'Yan zaurenmu na tsofaffin ɗalibai sun san zancen, ba sai na maimaita ba. Wani ne ya tono tsohon bidiyon nan na lokacin da Finland ta mayar wa Chaina panda biyun da ta ɗauko haya, shi kuma Dakta ya hau kai ya yanke hukunci: wai panda, dabbar nan ta Chaina mai fari da baƙi, malalaciya ce, ba ta cin komai sai gora, haihuwa ma sai an lallashe ta, don haka a daina zuba kuɗi a rijiya, a ƙyale ta ta ƙare.

To madalla. Mutumin da bai taɓa fitar da ko sisi ba don kare ko da ɓeran masallaci, yau shi ne babban akanta na kuɗin namun dajin duniya. Kuma fatawar ma aro ce. Tun 2009 wani Bature mai gabatar da shirin namun daji a BBC, Chris Packham, ya faɗi haka, aka yi masa ca. Shi aƙalla a jeji ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin tsuntsaye. Dakta namu kuwa dajin da ya sani shi ne wanda yake hangowa ta gilashin mota a hanyar Abuja, shi ma da addu'a a baki yake wuce shi.

Ku saurara, zan faɗa yanzu, kuma zan yi ta nanatawa har ku gaji: kuɗin panda, daji aka saya da shi.

Daji, jama'a. Duwatsun Sichuan da Shaanxi da Gansu, inda hazo ba ya yayewa, inda ƙoramu ke gangarowa. Tun 1963 Chaina ta keɓe gandun Wolong saboda wannan dabba. Zuwa ƙidayar da aka fitar a 2015 gandayen panda sun kai 67. A 2021 aka haɗe da yawansu aka yi babban gandun ƙasa guda mai faɗin murabba'in kilomita kusan 22,000. In lissafin bai shiga kanka ba, ya ɗan fi jihar Kano girma. Wuri ya fi jihar Kano, an ce ba a sara, ba a farauta, ba a haƙar ma'adinai. Wace dabba ce ta taɓa sa gwamnati ta ɗage hannu daga ƙasa mai wannan girma? Kwaɗo? Jaɓa? Ka je ofishin ministan kuɗi na kowace ƙasa ka ce masa a bar katako da ma'adinai saboda wani kwaɗo mai ɗigo-ɗigo, ka ga ko za a ba ka ruwan sha. Amma aka shiga da hoton mai baƙin tozali, aka fito da sa hannu. Kuma kwaɗon yana cikin dajin, ya ci albarkaci. Birin nan mai gashin zinare yana ciki, jan panda na ciki, dabbar nan mai ƙaho da ake kira takin na ciki, tsuntsayen da babu su ko'ina a duniya sai can suna ciki. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, ba yau aka fara ba.

Daji aka saya.

Kuma dajin nan ba don ado yake tsaye ba. Kogin Min daga waɗannan duwatsu yake saukowa, shi ke shayar da filayen Chengdu, birni mai mutum sama da miliyan 20, kafin ya faɗa babban kogin Yangtze. 'Yan Chaina sun ɗanɗana kuɗar sare shi. A 1998 ambaliyar Yangtze ta kashe mutum fiye da 3,000, ta raba miliyoyi da gidajensu, sai ga gwamnati ta hana sarar katako a saman kogin cikin gaggawa. Ruwa ne ya koya musu, ba tausayin dabba ba. Dajin da panda ke buƙata shi ne dai dajin da ke riƙe ƙasa kada ta zaftaro kan mutane. Masana sun zauna sun yi lissafi, an wallafa a 2018: amfanin da gandayen panda ke bayarwa a shekara, na ruwa da riƙe ƙasa da iska da baƙi masu yawon buɗe ido, ya kai tsakanin dala biliyan 2.6 zuwa 6.9, wato ninki 10 zuwa 27 na abin da ake kashewa. Dakta, kai da ka sa kuɗinka a harkar nan ta waya da aka ce za ta ninka cikin kwana arba'in, kai ne za ka koya wa mutane inda ake asara?

Yanzu batun lalaci da rashin haihuwa, wanda shi ya fi ƙona min rai. Eh, macen panda kwana ɗaya zuwa uku kacal take karɓar namiji a shekara. Eh, jaririnta kusan giram 100 ne kacal, kamar ɓera marar gashi. Sai aka yi yaya? Da wannan halin ta rayu miliyoyin shekaru, ta bazu daga kudancin Chaina har arewacin Myanmar da Vietnam, babu likita, babu allura, babu asusun tallafi. Farfesa Pan Wenshi na jami'ar Peking ya yi shekaru yana bin sawunsu a duwatsun Qinling, ya nuna cewa a daji suna haihuwarsu lafiya lau, kusan duk bayan shekara biyu. A keji ne abin ke gagara. Kai ma a kulle ka a ɗakin gilashi, a kawo maka wadda ba ka taɓa gani ba, a tara 'yan jarida da kyamara, a ce bismilla, mu gani.

Gorar ma da ake mata gori a kai, ku ji yadda abin yake. Gora takan yi shekaru da dama ba ta yi fure ba, ranar da ta yi kuwa, duk irinta a yankin tare suke furen, tare suke bushewa. A da idan haka ta faru, panda sai ta gangara kwari ta haura wani dutse inda wata irin gorar take. Da aka yi furen 1983 sai ta gangaro ta tarar da gonaki da ƙauyuka da titi. Yunwa ta kashe da dama. Mu muka tare mata hanya, muka yanyanka mata gida gunduwa-gunduwa, sannan muka koma gefe muna cewa ai dama ba ta iya rayuwa ba. Ka rushe wa mutum rumbu, ka dawo kana masa wa'azin tattali.

Ni na gan ta da idona, shi ya sa nake zafi. Lokacin da na yi wata uku a Chengdu kan wani kwas, abokan karatu suka ce in ina son ganinsu a farke sai na yi sammako, don da rana ta ɗaga barci suke. Cibiyar kiwon nan da aka fara a 1987 da panda shida da aka tsinto cikin yunwa da ciwo, can muka je. Na tsaya gaban wata ta jingina da kututture, ta baje ƙafafu, ta riƙe sandar gora da hannu ɗaya tana ɓare ɓawon da haƙori tana tofarwa gefe, sak ɗan kasuwa ya samu rake bayan la'asar. Daga inda nake ina jin ƙarar ɓaras-ɓaras. Akwai wani ƙashi a wuyan hannunta da ya tsiro kamar babban yatsa, da shi take damƙe gorar tana juyawa. Ta gama, ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, ta jawo wata. Na daɗe a wurin ban ce uffan ba. Abin da ya zo min a rai shi ne ayar nan ta suratul An'am da ke cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. Al'umma guda, da yatsanta da abincinta da tsarinta, wani ya zauna a falo ƙarƙashin fanka ya ce a shafe ta don ba ta burge shi ba. Annabi Nuhu da zai loda jirgi bai tsaya tambayar kowace dabba ribar da take kawowa ba.

Na san abin da za ku rubuto, don haka bari in rage muku wahala.

Za ku ce to Finland fa? Gidan zoo na Ähtäri ya kashe sama da yuro miliyan 8 wajen gina musu masauki, yana kashe kusan miliyan 1.5 duk shekara, aka yi yarjejeniyar shekara 15, suka iso a 2018, kafin ƙarshen 2024 an mayar da su. Calgary ta Kanada ma ta mayar da nata a 2020 don korona ta hana jiragen da ke kawo gora. Edinburgh ta riƙe nata shekara 12 ko ɗa guda ba a samu ba. To ni ina ruwana? Wannan haya ce, kasuwanci ne da siyasa, tun da shugaban Amurka Nixon ya je Beijing a 1972 aka bi shi da panda biyu ake wannan wasa. Mai gidan zoo ya yi lissafin 'yan kallo, ya amince da biyan kusan dala miliyan 1 a shekara, lissafi ya ƙi. Ɗan kasuwa ya sari kaya kasuwa ta faɗi, sai a kama kayan da laifi? Ku soke hayar gobe, ba zan yi kuka ba. Ni maganar daji nake.

Za ku ce an gano a 2020 cewa damisa ta ɓace daga kashi 81 cikin 100 na gandayen panda, kyarkeci daga kashi 77. Gaskiya ne, na karanta kafin ku. Damisa tana buƙatar fili fiye da panda nesa ba kusa ba, gandayen sun yi mata kaɗan. Maganin riga ta yi kaɗan ai ƙarin yadi ne. Ku kuna cewa a ƙona rigar.

Za ku ce baiji, dabbar ruwan nan ta Yangtze da aka yi mako shida ana nema a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, da an ba ta kuɗin panda da ta rayu. Wane kuɗin? Kuna zaton akwai wata tukunya guda da aka dafa, panda ta zo ta kwashe nama? Kuɗin nan fuskarta ce ta jawo shi. Ba banza ba ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta sa hotonta a tambari tun 1961. Ka cire ta, mai bayarwa ya mayar da hannu aljihu, baiji ba ta samu ba, kwaɗo bai samu ba. Jiragen ruwa da koma da madatsai ne suka ci baiji.

Masu cewa ana yunwa a duniya kuma, na ji. Ranar da Chaina ta daina kula da Wolong, ku zauna ku jira buhun shinkafar ya iso ƙofar gidanku.

A ƙidayar shekarun 1980 panda 1,114 aka samu a daji. A wadda aka fitar a 2015, 1,864. A 2016 IUCN, ƙungiyar da ke fitar da jerin dabbobin da ke cikin haɗari, ta sauko da ita daga jerin masu dab da ƙarewa. Sau nawa kuka ji an zuba kuɗi a abu, aka dawo aka ƙirga, aka ga ya ƙaru? Abin da ya yi aiki shi Dakta ya zaɓa ya yi wa jana'iza.

Af, tunda ana maganar dabbar da ba ta da farin jini. Wa ya ga ungulu kwanan nan? Da gaske nake tambaya. Muna yara, in aka aike ni mahauta karɓo kayan ciki, sai na kore su da ƙafa kafin in isa wurin Sarkin Fawa, sun yi layi a kan katanga kamar masu jiran sadaka, ga wasu a kan rimi sun buɗe fukafukai suna shan hantsi. Makon jiya na je mahautar nan da yarona, na ɗaga kai, fayau. Na ce masa ungulu da kan zabo, ya ce Baba mece ce ungulu. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda suka fi kusa da ƙarewa, guba da masu sayen kanta don tsibbu sun gama da ita, kuma ban taɓa jin an tattauna wannan a zaurenmu ba. Duk wanda ya gan ta a garinsu bana ya ɗauko min hoto, ya faɗi unguwar. Ungulu fa na ce, ba shirwa ba. Wancan karon da na tambaya, wani hoton balbela ya turo min.